Yadda Za Ka Bi Sawun Alheri da Sharri a Jikin Mutum Ɗaya Cikin Littattafan Da

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Hausa a makarantun sakandare nan Zariya. In ka tambaye ni amsar da ta fi gajiyar da ni wajen duba takardun yara, ba sai na yi dogon tunani ba. Ita ce: "Wane mutumin kirki ne, wane kuma mugu ne." Shi ke nan, yaro ya ja layi, ya ajiye biro, yana jiran maki. Na ga wannan jimla a kan Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, na gan ta a kan Abubakar na Jiki Magayi, har na kai ina hango ta daga nesa kamar yadda mai shayi ke hango wanda ya zo cin bashi. Yanzu da na ajiye aiki, yaran unguwa da wasu 'yan jami'a kan zo zaurena a Tudun Wada ranar Alhamis bayan la'asar mu yi karatu. Abin da nake nuna musu shi zan rubuta maka, in ya yi maka ka ɗauka.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin da za ka karanta, littafin rubutu ɗan ƙarami irin na 'yan firamare, da fensir mai abin gogewa. Fensir na ce, ban ce biro ba. Hukuncin da za ka yanke wa mutanen cikin littafi sai ka goge shi sau biyu ko uku kafin ka gama, kuma wanda ya rubuta da biro kunyar kansa yake ji ya soke, sai ya tsaya kan kuskurensa.

Ka fara da na gida. A 1933 Hukumar Talifi da ke nan Zariya a lokacin, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. A wannan zubi aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da shi East ɗin. Daga baya Imam ya kawo Magana Jari Ce, littafi uku. Ka nemi bugun kamfanin NNPC, na ɗab'i nake nufi, na nan Zariya, ba na man fetur ba, don na taɓa aiken wani yaro ya tsaya yana kallona yana zaton gidan mai zan tura shi. Masu sayar da littattafai a Sabon Gari ba su cika rasa su ba. Ƙanana ne, kowanne cikin biyar ɗin farko sai ka cinye shi a wuni ɗaya.

Karatun farko ka yi shi don daɗi, kada ka taɓa fensir. Ka yi dariya inda ta zo, ka ji haushi inda ya zo. Da ka rufe littafin, ka rubuta layi biyu kacal a shafin farko na littafin rubutunka: wa ka so, wa ka ƙi. Ka sa kwanan wata. Kada ka gyara shi don ya yi kama da na masu ilimi. Za mu dawo kansa.

Aikin yana cikin karatu na biyu. Yara sukan raba shafi gida biyu, su jera sunayen mutanen kirki a dama, miyagu a hagu. Kai kada ka yi haka. Kowane mutum ka ba shi shafinsa shi kaɗai, ka rubuta sunansa a sama, sa'an nan ka raba shafin nasa biyu: abin da ya yi wanda ya amfani wani, da abin da ya yi wanda ya cuci wani. Aiki kaɗai za ka rubuta, tare da lambar shafin da ka gan shi. Kirarin da mai ba da labari ya yi masa ba ya shiga. In an ce "wane mutum ne mai haƙuri", wannan magana ce, ka bar ta a waje har sai ka ga ranar da aka taka shi ya haƙura.

Gwada wannan a kan Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ka sha mamaki. Kowa yana sonsa, ni ma ina sonsa. Dalilin fitarsa daga gida abin yabo ne: Liman, wanda ya riƙe shi, ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, aka wulaƙanta shi a fada, shi kuwa Alhaji ya ɗaura aniyar sai ya samo ruwan nan ya wanke wa dattijon fuska. Wannan ya shiga dama. To, bi shi a hanya kana cike hagu. Ka tuna garin da ya zauna yana cin abinci da sunan malanta alhali karatun bai zauna masa ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya zo, mai karatun gaske, aka haɗa su a gaban jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce ya karanta. Zurƙe ya ɗauke shi harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jahilan gari suka ga ai kuwa wata ne, aka yi wa Zurƙe korar kare. Duk ajin da na karanta wa wannan wuri sai ya fashe da dariya. Amma tsaya ka duba: wa ya yi gaskiya a ranar? Wa ya zambaci mutanen gari? A wane ɓangaren shafi za ka rubuta wannan?

Nan ne za ka yi wa kanka tambayar da ya kamata ka riƙa yi a kowane littafi: daga bakin wa nake jin labarin nan? Ruwan Bagaja daga bakin Alhaji Imam ya fito, shi ne zaune yana ba da labarin kansa a gidan Koje Sarkin Labari. Ke nan duk abin da ka sani game da Zurƙe, abokin gabarsa ne ya gaya maka. Da alƙali ne kai, ba za ka yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba. In ka jera abin da kowannensu ya yi wa ɗan'uwansa, ka rufe sunayen da tafin hannu, da ƙyar za ka gane wane ne wane. Wannan ya yi wa wancan, wancan ya rama, haka suka yi ta yi gari bayan gari.

Ina da laifi a nan, gara in faɗa. A shekarun farko na koyarwa wani yaro ya rubuta mini cewa Alhaji Imam macuci ne. Na ja masa jan biro, na rubuta "sake karantawa" a gefe. Yaron ya zo ofis da littafinsa ya ce, "Malam, don Allah a nuna mini inda na yi ƙarya." Na buɗe, na buɗe, ban samu ba. Amsarsa rabi ce, don bai ga alherin mutumin ba, amma tawa ma rabi ce, kuma ni ke riƙe da jan biro. Tun daga ranar na fara raba shafi.

Dariyar nan kuwa kada ka bar ta ta wuce haka nan. Duk inda ka yi dariya, sa ɗan ɗigo a gefen shafi, daga baya ka koma ka ga a kan wa aka yi ta. Mu Hausawa tun muna kan tabarmar kaka ake koya mana son Gizo, wanda ga haɗama, ga ƙarya, ga cin amanar abokin tafiya, amma da an ce "ga ta nan ga ta nanku" shi muke jira ya fito. Imam ya san wannan sarai, da shi ya kama mu. Abin da ɗigon nan zai nuna maka shi ne, zambar da aka yi da wayo tana yi maka daɗi in wanda kake so ne ya yi ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan sashe na binciken a kanka yake, ba sai ka nuna wa kowa ba.

Sai neman mararraba, kuma a nan na fi son ka daɗe. Mutumin da marubuci ya gina da kyau ba ya kwana nagari ya tashi mugu. Akwai wurin da hanya ta rabu, ya tsaya, ya zaɓi ɗaya. Aikinka ka nemo shafin, ka sa masa alama. Jiki Magayi shi ne littafin da na fi koyar da wannan da shi.

Abubakar yana son Zainab, magana ta yi nisa. Malam Shehu attajiri ne, Allah ya ba shi dukiya bai ba shi haihuwa ba, ya sa rai cewa ta wajen Zainab zai samu. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da shi. Zuwa nan duk mai karatu yana bayan Abubakar, kuma da gaskiyarsa, an cuce shi. Sai ya bar gari, ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ya sha wahalar da ba ta faɗuwa, ya samo asiri. Asirin nan kuwa a kan yaron da Zainab ta haifa ya sauka, Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya shiga sata ya kashe mai gida, bai san ubansa ba ne.

To, a wane shafi Abubakar ya tashi daga wanda aka zalunta ya koma azzalumi? Mun kwashe Alhamis biyu a zaure a kan wannan tambaya, har shayi ya huce. Wani ya ce tun ranar da ya rantse sai ya rama. Wani ya ce a'a, fushi ba laifi ba ne, kowa aka yi wa haka zai faɗi abin da ya fi wannan, sai dai ranar da ya sa ƙafa ya fita. Ni ra'ayina, mararrabar tana wurin da ramuwar ta tsallake wanda ya yi laifin ta faɗa kan yaron da ko cikinsa ba a yi ba lokacin da aka yi abin. Amma ka lura da wani abu da yara ba su cika gani ba: doguwar tafiyar nan tasa cike take da damar juyowa. Kowace wahala da ya sha, hanya ce aka buɗe masa ya ce ya isa haka, ya koma gida. Bai juyo ba. Kuma halayen da suka kai shi ƙarshen tafiyar su ne naci, da juriya, da rashin tsoro, da cika abin da ya faɗa, waɗanda da a wajen neman ilimi ko fatauci ya zuba su, da kirari za a yi masa. Shi ya sa idan ka zo cike shafinsa za ka rasa inda za ka sa juriyarsa, dama ko hagu. In ka kai ga wannan rikicewar, karatunka ya fara kyau. Ka rubuta ta a kan layin tsakiya.

Malam Shehu ma ka ba shi shafinsa. Son haihuwa ba zunubi ba ne, kuma wanda ya ga yadda ake yi wa marar ɗa gori a garin nan ba zai yi saurin zaginsa ba. Amma ya san yarinyar da mai ita, ya sa kuɗi ya ture talaka. Buƙatarsa halal, hanyarsa ta danne wani. A ƙasan kowane shafi ina sa yara su rubuta amsar tambaya ɗaya: wa ya biya kuɗin abin da wannan mutum ya yi? A Jiki Magayi, ko ta shafin Abubakar ka bi ko ta na Malam Shehu, sunan Kyauta za ka tarar a ƙasa. Shi kansa Kyauta kuma sai ya zame maka ƙashin kifi a wuya: ɓarawo ne, ya yi kisa, amma sammu aka yi masa tun bai san hagu da dama ba. Nawa ne nasa a cikin laifin? Wani ɗalibin shari'a daga Kongo, reshen jami'a na nan Zariya, da ke zuwa zauren ya ce a kotu babu ruwan alƙali da sammu. Na ce masa gaskiya ne, amma mu ba kotu muke ba, littafin ya yarda da sammun, don haka da shi za mu auna.

Akwai wani irin sharri da wannan rabon shafi ba ya kamawa sai ka ƙara masa gida na uku. Shi ne wanda mutumin kirki ke yi hankalinsa kwance, don zamaninsa bai kira shi laifi ba. Shaihu Umar ne littafin wannan darasi. Makau, mijin uwar Umar, mutum ne mai gaskiya da amana, fadawa suka yi masa hassada suka ƙulla masa sharri wajen Sarki har aka kore shi. Tausayinsa kake ji. To, a kan me aka ƙulla masa sharrin? A kan bayin da aka kamo a wani hari da shi ma ya je, aka ce ya ɓoye wasu. Gaskiyarsa ita ce bai ɓoye ba. Su mutanen da aka kamo daga gonakinsu fa, wa ya buɗe musu shafi? Haka Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauki Umar kamar ɗan cikinsa, ya kai shi ƙasarsu, ya sa shi a karatu har ya zama malami. Alheri ne babba. Sana'ar da ta kawo shi ƙasar Hausa kuwa fataucin bayi ce, cinikin da ya jefa uwar Umar cikin bauta ta ƙare a wahale garin neman ɗanta. A gida na uku ka rubuta irin waɗannan. Kada ka wanke su da cewa ai zamani ne, kada kuma ka tsaya kana zaginsu kamar kai da ka zo a lokacin da ka fi su. Ka rubuta abin yadda yake, ka bar shi yana kallonka.

Yanzu bari in raba maka abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Munafuki daban, mai faɗa da zuciyarsa daban. Wazirin Sarki Abdurrahman a Magana Jari Ce, wanda ya haɗa baki da Sarkin Sinari yana neman hallaka Musa ɗan Sarki, fuska biyu gare shi amma zuciyarsa ɗaya ce. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Ladabin da yake yi a fada riga ce, ba wani alheri da ke kokawa da sharri a cikinsa. Imam bai gina shi don ka yi nazarin zuciyarsa ba, ya ajiye shi ne don aku ya sami dalilin yin ta zuba labari yana hana Musa fita. Kada ka ɓata fensirinka kana nema masa kirkin da ba a ba shi ba. Gwajin mai sauƙi ne: me mutumin yake yi in ya kaɗaita, ba mai ganinsa? Barci yana ɗaukarsa?

Kalmomin da suka fi yi mini aiki a nan ba daga littafin nazarin adabi na samo su ba, daga makarantar zaure na taso da su. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf, aya ta 53, da rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, aya ta 2, da rai mai natsuwa a Suratul Fajri, aya ta 27. A Suratush Shamsi kuma, aya ta 8, aka ce an kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa, duka biyun a rai guda. Sunayen ukun farko a jere da Larabci: ammara, lawwama, muɗma'inna. Abin da nake yi, in mutumin littafi ya bi son zuciyarsa sai in rubuta alifi, harafin farko na ammara, a gefen shafi, in zuciyarsa ta zarge shi, ya yi nadama ko ya yi jinkiri, sai in rubuta lam ta lawwama. In ka gama, ka bi gefen shafukan da ido kawai ka ga yadda haruffan ke tafiya.

Gwada shi a kan Macbeth na Shakespeare, in Turancinka ya kai, ko ka sami wanda aka sauƙaƙa. Jarumi ne da ya yi wa sarkinsa Duncan yaƙi da gaskiya. Kafin ya kashe sarkin, lam ta cika gefen shafi: yana jero wa kansa dalilan da suka hana, cewa sarkin danginsa ne, baƙonsa ne a gidansa, kuma adali ne, har ya ce wa matarsa a bar maganar. Bayan kisan ya ji kamar ana shelar cewa ya kashe barci. Amma ka ci gaba da bi, za ka ga lam tana raguwa, har ya kai ga aikawa a kashe matar Macduff da 'ya'yansa ba tare da ya tsaya shawara da kowa ba. Matar tasa kuwa akasin haka ta bi. Ita ce ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa ya wanke su daga abin da suka yi, ita ce kuma a ƙarshe take yawo cikin barci tana ta murzar hannu, jinin ya ƙi fita. Shi lawwamarsa ta mutu a hankali, ita tata ta farka a makare. Ba za ka ga wannan ba in tun farko ka rubuta "miyagu ne su biyun" ka rufe littafi.

Akwai littafi ɗaya da kowa ke kawowa in ana wannan magana, kuma yawanci a karkace ake kawo shi: labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde na Robert Louis Stevenson, wanda ya fito a 1886. Abin da ake faɗa shi ne likita nagari ya sha magani ya rikiɗe ya zama mugu, wato fari da baƙi. Je ka babin ƙarshe, inda Jekyll ya rubuta bayanin kansa, ka karanta a hankali. Tun kafin ya haɗa maganin yana da abubuwan da yake yi a ɓoye, yana jin kunyar a sani saboda girmansa a Landan. Maganin ya haɗa shi ne don ya sami jikin da zai riƙa yin abin da ransa ke so ba tare da sunansa ya ɓaci ba. Hyde sharri ne zalla, amma Jekyll bai taɓa zama alheri zalla ba, yana nan yadda yake, gauraye. Ka lura da gidansa ma: ƙofar gaba mai kyan gani inda ake karɓar baƙi, da wata tsohuwar ƙofa ta lungu wadda Hyde ke shiga da fita. Gida ɗaya ne. Duk Bazazzagin da ya san zaure ya kuma san ƙofar baya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da Hyde ya tattake wata yarinya a titi aka tilasta shi biyan diyya, takardar banki da ya kawo sa hannun Jekyll ne a kanta. Mararrabar littafin kuma tana wurin da ya kwanta yana Jekyll ya farka yana Hyde ba tare da ya sha komai ba. Ya ga wannan gargaɗi, ya daina na wata biyu, ya koma. Don haka in za ka buɗe musu shafi, ɗaya za ka buɗe, ka rubuta Jekyll a sama.

In ka zo rubutawa, ko a jarrabawa ko a takardar jami'a, akwai rami na biyu da ke jiran wanda ya tsallake na farko. Yaro ya gane ba a raba mutane kwando biyu, sai ya koma rubuta "kowa dai yana da kirkinsa da muguntarsa, mutum tara yake bai cika goma ba." Wannan ma gudun aiki ne, an dai sa masa karin magana ya yi kwarjini. Shafin nan ba lissafin kanti ba ne da za ka ɗebe hagu daga dama ka ga abin da ya rage. Raskolnikov, ɗalibin da Dostoyevsky ya rubuta labarinsa a Rasha a 1866, ya kashe tsohuwa mai karɓar jingina da 'yar'uwarta da gatari, bayan haka ya kwashe kuɗin da uwarsa ta aiko masa ya ba wata mata da mijinta ya mutu don a yi jana'iza. Kyautar gaskiya ce, kisan ma gaskiya ne, kuma ɗaya bai goge ɗaya ba. Dole ka yanke hukunci, sai dai ka yanke shi da hujja. Maimakon "Abubakar mugu ne", rubuta wani abu kamar haka: an zalunci Abubakar da aka raba shi da Zainab saboda talaucinsa, amma da ya juya ramuwarsa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, zaluncinsa ya zarce wanda aka yi masa, kuma juriyar da ta kai shi ga haka ita ce mafi kyawun halinsa. Sa'an nan ka kawo shafukan. Mai duba takarda ko bai yarda da kai ba, ya ga ka karanta.

Sai ka koma shafin farko, wurin layi biyun nan na wa ka so wa ka ƙi. Kada ka goge su. Ka rubuta sabon hukuncinka a ƙarƙashi da kwanan watansa. Wani lokaci ba abin da zai canza, Wazirin nan dai yana nan inda ka bar shi. Littafin rubutuna na Jiki Magayi kuwa, wurin sunan Abubakar har takardar ta huje don gogewa.

Kwanakin baya, da sanyin hunturu ya sa muka matsa cikin zaure, wata ɗaliba da ke zuwa daga Samaru tare da yayanta ta karɓi littafin rubutun nan nawa tana dubawa. Ta buɗe shafin Abubakar, na Malam Shehu, na Kyauta, ta kai ƙarshe ta dawo. Ta ce, "Baba Malam, ina shafin Zainab?" Kanawa sun daɗe suna tsokanarmu cewa Bazazzagi ba ya raba mace da namiji a magana, ni kuwa sai ga shi na shekara talatin ina koyar da littafin ban ma ga macen ba. A kanta aka yi rigimar, ita ta haifi yaron, ita ta rasa miji a hannun ɗanta, amma ban taɓa tambayar me ta zaɓa da kanta, me aka zaɓa mata ba. Na miƙa wa yarinyar fensir na ce ta buɗe shafin. Ta rubuta sunan a sama, ta ja layin tsakiya, ta ce sai ta sake karanta littafin tukuna, don ba ta yarda ta cike shi da abin da maza suka faɗa a kanta ba. Ta tafi da kwafina, ta ce za ta dawo da shi ranar Alhamis.